Ƙwai da Kiwon Kaji na Tsakar Gida a Zangon Agege: Ajiya, Girki da Al'ada

GABATARWA

Bahaushe bai cika daɗewa a wuri ba tare da ya ajiye kaza ba. Ko a birnin Legas, inda fili ya yi wuya kuma ɗakin haya ya yi tsada, duk wanda ya ratsa lungunan Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko Alaba Rago, zai ji carar zakara da asuba, ya kuma ga akurki a raɓe da bango ko a ƙarƙashin matakala. Zaman Hausawa a Agege ya samo asali ne daga fataucin goro da na shanu, ya kuma ƙara ƙarfi bayan buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Legas zuwa Ibadan a 1901, wadda ta bi ta Agege, ta kuma isa Kano a 1912. Da iyali suka biyo fatake, sai kaza ta biyo iyali.

Abin da wannan jagora ke son jawo hankalin malaman gona da masu kiwo a kai shi ne, sanin da aka taho da shi daga Arewa game da kaza da ƙwai sani ne ingantacce, sai dai a busasshiyar ƙasa aka gina shi. A Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani ne. A Legas kuwa ruwa kan sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Ruwan shekara kan haura milimita 1,500, wato kusan ninki biyu na wanda Kano ke samu, danshin iska kuma kan kai kashi 80 cikin 100 a mafi yawan watanni. Saboda haka dabarar da ke tsare ƙwai a Ɗambatta na iya zama ita ce mai ɓata shi a Agege. Uwargidan da ba ta san wannan bambanci ba ita ke fasa ƙwai a kasko ta tarar da wari, mai talla kuma shi ke asarar rabin kiret.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN ƘWAI BAYAN KAZA TA SAKA SHI

Ƙwai abu ne mai numfashi. Ɓawonsa, duk da santsinsa, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, tsakanin 7,000 zuwa 17,000. A lokacin da kaza ta saka shi yakan fito da wani siririn rufi mai danshi, wanda ke bushewa cikin 'yan mintuna ya toshe waɗannan ƙofofi. Wannan rufi shi ne garkuwar farko da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Daga wannan sa'a ƙwai ya fara tsufa. Ruwa da iskar kabon suna fita ta ɓawo a hankali, gurbin iskan da ke ɓangarensa mai faɗi yana ƙara girma, farin ƙwai mai kauri yana tsinkewa, fatar da ke riƙe da gwaiduwa kuma tana yin rauni. Shi ya sa idan aka fasa sabon ƙwai a faranti gwaiduwarsa kan tsaya a dunƙule, farin ya kewaye ta, na tsoho kuwa sai ya malale kamar ruwa.

Zafi ne ke gaggauta wannan tsufa. Zafin rana a Legas kan kasance tsakanin digiri 28 zuwa 33 na ma'aunin Salshiyas, dare ma bai cika yin sanyi sosai ba. A irin wannan yanayi ƙwai kan yi asarar inganci cikin mako guda fiye da yadda zai yi cikin wata guda a firji. Akwai kuma wata matsala da ta shafi kajin gida musamman. Ƙwan kazar da ke tare da zakara yana ɗauke da ƙwayar ɗan tsako, wadda kan fara motsawa da zarar zafi ya kai wajen digiri 25 zuwa 27. Zafin ɗaki bai isa ya raya ta ba, amma ya isa ya tayar da ita, sai ta mutu a ciki, ƙwan ya lalace. Wannan ne asalin jan zare ko ɗigon jini mai rassa da akan gani a gwaiduwar ƙwan da ya kwana biyu.

Maganin wannan mai sauƙi ne, ko da yake masu kiwo da yawa ba su yarda da shi da farko. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Amfaninsa kawai shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe. Idan ƙwan ci ko na sayarwa ake nufi, a raba zakara da kaji. Wanda ke zaune a gidan haya zai sami riba ta biyu, domin yawancin rigimar maƙwabta a kan kaji daga carar tsakar dare take tasowa.

Danshin Legas yana da fuska biyu. Yana rage fitar ruwa daga cikin ƙwai, amma yana taimaka wa funfuna da ƙwayoyin cuta su rayu a bayan ɓawo. Don haka a riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, a tabbata gurbin da kaza ke sakawa busasshe ne, a tanadi gurbi guda ga kowace kaza huɗu ko biyar. Kada a wanke ƙwan da za a ajiye, domin wanki na cire rufin nan, ruwan sanyi kuma na sa ƙwai ya zuƙo dattin bayansa zuwa ciki. Idan ya ɗan ɓaci da kashi a kankare shi da busasshen tsumma. Wanda ya ɓaci ƙwarai a wanke shi da ruwan ɗumi, a dafa shi a ranar. A jera ƙwai a kiret tsininsa na kallon ƙasa, a rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowanne, a kuma nisanta shi daga kananzir, daddawa, albasa da busasshen kifi, domin yana ɗaukar wari.

RANDA, FIRJI DA MAI

A Arewa gindin randa shi ne wuri mafi sanyi a gida, nan ake ajiye ƙwai da nono da goro. A kan wannan tsohuwar hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke bin iska yana bushewa, sai ya tafi da zafin da ke cikin ƙaramar tukunyar. Sirrin dabarar duka yana ga bushewar nan. A Dutse cikin watan Maris, iska na da ƙishirwa, tana shanye ruwan da sauri, tukunya ta yi sanyi. A Agege cikin watan Yuni iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, yashi zai kwana a jiƙe, sanyin da za a samu kaɗan ne, ƙwai kuma ya zauna cikin laima har funfuna ta kama ɓawonsa. Ba za mu ba da shawarar wannan hanya ga mazauna Legas ba, sai fa cikin 'yan makonnin hunturu na Disamba da Janairu.

Firji ya fi kowace hanya idan wuta ta tsaya. A sanyin digiri 4 zuwa 7 ƙwai kan kai mako huɗu zuwa biyar da kyawunsa. Haɗarin yana ga ɗauke wuta. Ƙwan da ya yi sanyi sannan ya haɗu da iska mai ɗumi da danshi yakan yi gumi nan take, wannan gumi kuwa hanya ce ga ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawo. Ƙwan da ya yi sanyi ya huce, ya sake yin sanyi ya sake hucewa, ya fi wanda bai taɓa shiga firji ba saurin lalacewa. Gidan da wutarsa ba ta da tabbas gara ya bar ƙwai a waje, a inuwa, inda iska ke ratsawa, a cinye shi cikin kwana bakwai zuwa goma.

Hanyar da ta fi dacewa da talaka a irin wannan wuri ita ce shafa mai. Ana zaɓar ƙwai mai tsabta, marar tsaga, wanda aka saka a ranar. A zuba sabon man gyaɗa ko wani man girki marar wari a ƙaramin kwano, a tsoma auduga ko tsabtataccen tsumma, a shafe ƙwan gaba ɗaya shafa ta sama-sama, a bar shi ya tsane, sannan a jera a kiret. Man yana toshe ƙofofin ɓawo, ya hana iskar kabon da ruwa fita, ta haka ƙwai kan riƙe ingancinsa mako uku zuwa huɗu ba tare da firji ba. Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, shafa mai ba ya mayar da tsohon ƙwai sabo, don haka ba shi da amfani ga wanda aka sayo a kasuwa ba a san kwanansa ba. Na biyu, kada a kuskura a shafa wa ƙwan da za a ba kaza ta kwanta a kai, domin ɗan tsako zai shaƙe a ciki.

Mutanen ƙasar Sin da na Filifin suna da tsohuwar dabarar jiƙa ƙwan agwagwa cikin ruwan gishiri. Ana narka gishiri kilo 1 cikin ruwa lita 4, a tafasa, a bari ya huce, a nutsar da ƙwan ciki mako uku zuwa huɗu, sannan a dafa shi sosai kafin a ci. Gwaiduwar kan yi ja da maiƙo, ana cin ta da shinkafa. Tunda gidaje da yawa suna kiwon agwagi amma ba su damu da ƙwansu ba, wannan abu ne da ƙungiyoyin mata za su iya gwadawa da ƙwai kaɗan tukuna. Ajiye ƙwai cikin ruwan farar ƙasa kuwa, wanda aka yi a Ingila da Amurka kafin yaɗuwar firji, ba ma ba da shawararsa.

ƘWAN ZABI MAI ZUWA DAGA AREWA

Da damina ta kankama, ƙwan zabi kan fara isowa Legas cikin kwanduna a kan motocin kaya. Zabuwa tsuntsuwar damina ce, yawanci daga Mayu zuwa Satumba take yin ƙwai, ga shi kuma ba ta son gurbin gida, sai ta shiga ciyawa ko gona ta saka. Ƙwanta ƙarami ne, kimanin giram 40, amma ɓawonsa ya fi na kaza kauri da tauri nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa yake jure tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano zuwa Legas, ya kuma fi ƙwan kaza daɗewa.

Duk da haka mai saye ya tuna cewa ƙwan da aka tsinta a gurbin daji ba a san ranar da aka saka shi ba, kusan dukkansa kuma na zabin da ke tare da maza ne. Shi ya sa tun a kasuwannin ƙauye ake gwada shi cikin ƙwarya da ruwa. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya miƙe tsaye ya kwana biyu, wanda ya taso sama a fid da shi. Gwajin yana da kyau, amma girman gurbin iska kawai yake nunawa. Ƙwan da ya daɗe cikin danshi na iya nutsewa alhali ya fara ɓaci. Gwaji na biyu shi ne a shiga ɗaki mai duhu, a haska tocila a gindin ƙwan. Mai kyau zai yi haske garau da ƙaramin gurbin iska, ɓara-gurbi kuwa zai nuna duhu ko zaren jini. Ƙwan da aka tsoma a ruwa a dafa shi da wuri.

Mai son kiwon zabi a gida ya sa ƙwan a ƙarƙashin kaza mai kwanci, kamar yadda aka saba, domin zabuwa ba ta da haƙurin reno. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabi 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida 35. Ƙwan ƙyanƙyasa kada ya wuce kwana bakwai a ajiye, wanda ya sha jijjigar mota daga Arewa kuwa ba a cika samun alheri a kansa ba. Gaskiyar magana, zabo tsuntsun fili ne mai yawan kuka, bai dace da gidan haya mai cunkoso ba.

AKURKI A GIDAN HAYA

A ƙauye shaho da muzuru ne abokan gabar kaza. A Agege kuwa ɓera ne, da ambaliya, da laima. Akurkin ƙasa mai ƙaramar ƙofa, irin wanda ke tsare kaji daga sanyin hunturu a Katsina, nan zai zama ɗakin ciwo. A yi keji na katako da waya, a ɗaga shi daga ƙasa kamar kamu biyu, a bar gefensa a buɗe don iska, a ba rufinsa baki mai tsawo saboda feshin ruwa. Kada a wuce kaji huɗu a kowane murabba'in mita. A shimfiɗa dusar katako daga wurin masu yankan katako, a canza ta da zarar ta jiƙe, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke kawo zawon jini ga 'yan tsaki.

Kazar gida da ke kiwon kanta kan yi ƙwai 30 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, tana tsayawa don kwanci da reno. Wanda ƙwai yake so ya nemi irin da aka inganta. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta fitar da kazar Shika Brown a shekarar 2000, wadda aka zaɓa don ta jure zafin ƙasar nan. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha, akwai kuma Noiler, dukkansu na nama da ƙwai ne, sun kuma fi kajin gona jure wahalar tsakar gida. Sai dai kazar da ke cikin keji ba ta da tone-tone, duk abin da za ta zuba a ƙwai daga hannun mai ita zai fito. Tana buƙatar abinci giram 110 zuwa 120 a rana, da ruwa mai tsabta kusan ninki biyu na wannan, da kimanin giram 4 na sinadarin alli don gina ɓawo. Ragowar tuwo da dusa kaɗai ba za su ba ta wannan ba. A haɗa mata da abincin kaji masu ƙwai na buhu, a ajiye mata dakakken ɓawon katantanwa ko garin ƙashi a kasko dabam. Ɓawon ƙwan da aka ci ma a gasa shi, a daka, a mayar mata. Idan aka ba ta shi ɗanye a ɓare, za ta koyi fasa ƙwanta. Ganyen zogale da jar masara su ke sa gwaiduwa ta yi launin da masu saye ke so.

Abincin kaji a Legas ba a tara shi. A sayi na mako biyu, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Masara ko tunkuzar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, mai rage ƙwai, wadda dahuwa ba ta kashewa.

Game da cuta, biyu ne ya wajaba a ambata. Annobar Niyukasil, mai sa kaji zawo kore, numfashi da ƙyar da murɗewar wuya, ita ce ke share kajin unguwa, musamman da hunturu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin rigakafin I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido duk wata uku zuwa huɗu. Ta biyu ita ce murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya cikin Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji ta Jihar Kaduna. A Janairun 2007 ta yi ajalin wata mata a Legas, ta kuma sake ɓulla a Kano da Legas a Janairun 2015. Babbar ƙofar da waɗannan cututtuka ke shigowa gida ita ce kazar kasuwa. Kazar da aka sayo don Sallah ko suna kada a haɗa ta da na gida, a yanka ta ko a ware ta mako biyu. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yi gaggawar yanka sauran don gudun asara kamar yadda aka saba, a kira likitan dabbobi, a hana yara taɓa su. Kazar da ake ba maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba a cin ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

DAGA KIRET ZUWA TUKUNYA

Da wuya a sami wanda ya fi mai shayi fasa ƙwai a Legas. Teburinsa, da burodin Agege, da wainar ƙwai mai albasa da attaruhu, da taliyar Indomie da ta shigo daga baya, su ne karin kumallo da abincin dare na dubban leburori, direbobi da masu gadi. Malamin gona da ke son saƙonsa ya yi nisa ya fara da shi. Kiret ɗin da ke kusa da risho ko a rana tun safe ya matsa inuwa. Kowane ƙwai a fasa shi a kofi dabam kafin a haɗa da sauran. Mai tsaga a fara amfani da shi, idan kuwa ya tsiyaye a zubar. Waina ta nuna har tsakiya, domin farin ƙwai kan daskare a wajen digiri 62 zuwa 65, gwaiduwa kuma sai 65 zuwa 70, ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi kuwa a ɗanyen tsakiyar nan take tsira.

Akwai masu kaɗa ɗanyen ƙwai cikin madara ko lemo su sha da sunan ƙarin jini ko ƙarfi. Wannan asara ce biyu. Jiki na amfana da kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin gina jiki da ke cikin dafaffen ƙwai, amma na ɗanye kusan rabi kawai, ga kuma haɗarin cuta.

Masu tallan dafaffen ƙwai da yaji a tasha da bakin titin Pen Cinema su sani cewa dafaffe ya fi ɗanye saurin lalacewa, saboda tafasa ta wanke rufin ɓawo. A dafa daidai abin da za a sayar a yini, kwantai kuma kada ya koma faranti gobe. Minti 10 bayan ruwa ya tafasa ya isa. Koren zoben da akan gani a gefen gwaiduwa alamar wuce lokaci ce a wuta, ba ya cutarwa. Ƙwan da ya kwana huɗu ko biyar ya fi na ranar sauƙin ɓarewa.

A cikin gida kuwa ƙwai ya shiga ko'ina: a kan ɗanwake, cikin alale, a jikin soyayyar doya da awara lokacin buɗa-baki, cikin cincin da kek na gara. Naman kazar da ta tsufa ta daina ƙwai shi ya fi daɗin farfesu da dambu. Dambun kaza hanya ce ta ajiye nama da aka gada, amma a nan sai an soya shi ya bushe ƙarau, ya huce, a zuba a kwalba mai murfi. A buɗaɗɗen kwano zai sha laima ya yi funfuna cikin 'yan kwanaki.

KAZA DA ƘWAI A AL'ADA DA ADO

Kaza tana da matsayi a kusan kowace hidima ta Bahaushe. Ita ake yanka wa baƙo na girmamawa, ita ake yi wa mai jego farfesu da ita, ango kan shiga ɗakin amarya da kazar amarci, daren cika-ciki na watan Muharram ma ba ta tsira. Ga mace kuma jari ce, wadda za ta sayar ta sayi magani ko littafi ba sai ta jira kowa ba. Harshe ma ya cika da ita. Yara kan yi kacici-kacici da ɗakin saurayi ba ƙofa, amsar ita ce ƙwai. Ana kiran rawaya ruwan ƙwai, ana kiran gilashin fitila ƙwan fitila.

Wajen ado, manyan tsuntsaye ne suka fi suna. An ɗora ƙwan jimina a kan ƙololuwar hasumiyoyin Babban Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, takalmin gashin jimina kuma yana cikin kayan sarautar Kano. Zabuwa ita ma ta bar zanenta a masaƙa. Baƙin saƙi mai ɗigon fari da Hausawa ke ɗinka manyan riguna da shi yana da ɗan'uwa a wajen maƙwabtanmu Yarabawa, wanda suke kira etu, wato zabo a harshensu, saboda kamarsa da gashinta. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta.

Wata al'ada guda ce ya kamata malamin gona ya tsaya a kanta da kyau, wato camfin da ke cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi sata. A wasu gidaje har mai ciki akan hana. Wannan magana ba ta Hausawa kaɗai ba ce, ana jin ta a sassa da dama na Nijeriya da Afirka ta Yamma. A ganinmu tushenta tattali ne. A gidan da kaza ke yin ƙwai 12 ta kwanta a kai, kowane ƙwai kaza ce ta gobe, yaron da ya ɗanɗana kuma zai bi gurbi ya ɗauka. Camfin shinge ne da aka yi wa garken kaji. To, amma kazar keji da ba ta tare da zakara, ko shekara ƙwanta ya yi ba zai zama ɗan tsako ba, dalilin hanin ya kau. A nan karin maganar da ke cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ta fi kusa da gaskiya.

Ƙwai guda na ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki mai inganci, da sinadaran da ido da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata. Wani bincike da aka buga a 2017 daga ƙasar Ekwado ya nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 da aka ba ƙwai guda kullum har wata shida, tsumburewa ta ragu a cikinsu da kashi 47 cikin 100. Da aka maimaita shi a Malawi, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna bambanci a tsawon yaran ba, masu binciken kuma sun lura cewa yaran wurin sun riga sun saba cin kifi. Abin fahimta shi ne, amfanin ƙwai ya fi bayyana ga yaron da ba ya samun nama ko kifi, wanda koko da shayi da burodi ne abincinsa, irin waɗannan yara kuwa ba su da wuyar samu a unguwanninmu. Daga wata shida ana iya ba jariri dafaffen ƙwai da ya nuna sosai, a murmushe shi cikin kunu ko alale, a fara da kaɗan, ana ci gaba da ba shi nono. Idan aka ga ƙuraje, kumburin fuska ko amai bayan ya ci, a dakata a kai shi asibiti.

Kaji shida na ingantaccen iri, masu samun kimanin giram 700 na abinci a rana tsakaninsu, kan ba da ƙwai huɗu zuwa biyar kullum. Idan aka ware biyu don ƙananan yara da mai ciki ko mai shayarwa, kuɗin sauran zai rage nauyin sayen abincin kajin. Tunda mata ne ke riƙe da akasarin wannan kiwo a cikin gidaje, kuma malamin gona namiji ba ya shiga ko'ina, ya kamata a tura malamai mata, a nemi izini ta hannun fadar Sarkin Hausawan Agege da masu unguwanni, a yi nunin shafa mai da haska tocila a makarantun Islamiyya na matan aure, kowace ta zo da ƙwai biyu daga akurkinta.